Dabarar Kaka da Dabarar Asibiti: Koya wa Yaro Mai Galahanga Zagayawa a Ƙasar Gobir

A gidajen Sabon Birni da Isa, koya wa yaro zagayawa tare da goyo yake tafiya, babu mai zama a yi shawara a kansa. Jinjiri yana da 'yan watanni uwa za ta zauna bakin tabarma da hantsi, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi bisa ƙwaurinta yana kallonta, ta riƙe masa hannuwa tana yi masa 'yar ƙarar da ya saba ji. In ya gama ta ɗauraye shi da buta, ta kwashe ƙasar ta zubar. Da ya iya zama sai a sayo fo. Kafin a kai shi yaye gidan kaka, galibi ya san inda ake zuwa, yana bin yayyensa a baya. Haka aka yi wa iyayenmu, haka aka yi mana, kuma ga mafi yawan yara dabarar tana ci.

Akwai kuma gidan da ba ta ci ba. Yaro ya shekara biyar, ya kai shida, ƙafarsa lafiya, idonsa garau, amma har yanzu a wando yake yi. Ka kira sunansa ba zai waiwayo ba, alhali da an tayar da injin niƙa a maƙwabta zai toshe kunnuwa yana ihu. Yakan wuni yana jera murafun kwalba, wanda ya taɓa masa ɗaya ya jawo rigima. Abincinsa kala ɗaya ne ko biyu. Magana kuwa ko dai babu, ko ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Wannan ce lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a rubuce a 1943 bayan ya nazarci yara 11, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na tare da ita. In haka ne, daga Gatawa har Bafarawa da wuya a samu gari mai kasuwa da babu irin waɗannan yara a cikinsa, ko da ba a taɓa kai ɗayansu gaban likita ba.

Cikin duk wahalhalun da uwar irin wannan yaro ke sha, na fi jin nauyin ta bayan gida, domin ita ce ke taɓa tsarki. Mace ce mai salla biyar, kuma kowane lokaci sai ta duba zanenta, ta duba tabarma, ta duba ko ya shafa a bango. Ruwan wanki daga rijiya ake jawo shi ko a saya hannun 'yan garuwa, sabulu ma da kuɗinsa. Malamin allo ba zai ajiye yaron da ke ɓata wuri kusa da alluna ba. Tsakar gida ta kowa ce, nan kishiya ke shanya hatsi, nan ake shimfiɗa a ci tuwo. Biki da suna sai dai ta aika da gudummawa. Rashin magana mutanen gida suna iya sabawa da shi, amma kashi a tsakar gida kullum sai an yi maganarsa.

Hanya biyu ke gaban wannan baiwar Allah. Ɗaya ta gada, ita ce ta kakanni. Ɗayar tana can wajen Sakkwato, a bakin likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da kuma cikin littattafan da aka rubuta da Turanci. 'Yan boko kan yi saurin cewa a watsar da ta farko a kama ta biyu. Ban yarda da wannan gaggawar ba, duk da akwai wurin da ta gida ke cutar da yaro cuta mai tsanani.

A fara ba dabarar gida haƙƙinta. Abin da littattafan asibiti ke fara nema shi ne uwa ta ɗauki takarda ta yi mako ɗaya ko biyu tana rubuta lokacin da yaro ke fitsari da lokacin da yake kashi, don a gane yadda cikinsa ke tafiya. Matar da ta goya yaro shekara biyu a bayanta ta riga ta haddace abin da za a rubuta. Ta san in ya sha koko ya laɓe bayan randa ya yi tsit, to abin ya zo. Ga kuma batun famfas, wanda shi ne babban ciwon kan iyaye a Ingila da Amurka. Yana tsotse jiƙa, yaro ba ya jin ya ɓata jikinsa, kuma mai otizim yakan saba da shi har ya zamana in ba a ɗaura masa ba, ba zai yi ba sam. A ƙauyukanmu tsada ta hana famfas zama ɗabi'a. Yaro yana jin ɗumin fitsari na bin ƙafarsa, wannan kuwa rabin karatun ne. Tsugunno ma riba ne. Likitocin can sai sun ce a sa wa yaro 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa don gwiwarsa ta ɗaga sama da ƙugu, hanyar kashi ta miƙe, abin da mai tsugunno ke samu ba tare da an gaya masa ba. Sannan gidan Bahaushe ba ya rasa hannu. In uwa tana daka, ga kaka, ga goggo, ga yaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne, dabarar gida da abu biyu ta dogara, kwaikwayo da kunya. Yaro ya ga yayyensa sun zaga, ya bi su. Ya ɓata wando aka yi masa dariya, ya ji kunya, gobe ya kiyaye. To waɗannan biyun ne otizim ke fara taɓawa. Yaron ba ya ɗaukar darasi daga kallon mutane yadda sauran ke yi, kuma fuskar da aka ɗaure masa ba lallai ya gane abin da take nufi ba. Wasu ma ba sa jin marar ta cika sai an makara. Da farko kaka za ta ce, "Ki ƙyale shi, lokaci nai bai yi ba." Shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, sai a ji maigida ya fara cewa, "Ke kib ɓata shi, yaron ga bulala shika so." Daga nan dabarar gida ba ta da sauran abin da za ta bayar sai ƙarin wuta: tsawa, tsumagiya, a tara yaran unguwa su bi shi suna kiransa amalala, a wasu gidajen har a yi barazanar ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Masu yin haka ba ƙin yaron suke yi ba, sun ga abin ya yi aiki a kan wasu ne, kuma sun yi imani icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma dukan wannan yaro kan kashi daidai yake da dukan kurma don bai amsa sallama ba.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da dukan ke haifarwa cikin jikin yaro, domin nan ne mafi yawan iyaye ba a taɓa yi musu bayani ba. Babba yana nufin ya koya masa cewa wurin ne ba daidai ba. Yaron kuwa abin da ya fahimta shi ne duk sa'ad da kashi ya fito, zafi na biyo baya. Sai ya fara ɓuya, ya shige bayan rumbu ko ƙarƙashin gado. Daga ɓuya sai riƙewa: za ka gan shi ya ƙame a tsaye, ya harɗe ƙafafu, ya yi ɗage, fuska ta yi jajir. Kashin da aka riƙe kwana da kwanaki hanji na tsotse ruwansa, ya bushe ya yi tauri, ranar da ya fito ya fito da zafi, wani lokaci har da ɗan jini. Zafin ya ƙara masa tsoro, ya ƙara riƙewa. A hankali ƙarshen hanjin ya buɗe ya daina jin cika, sai mai ruwa-ruwa ya riƙa tsiyayowa ta gefen busasshen yana ɓata wando, yaro bai ma san ya fito ba. Uwa ta ga kamar zawo, uba ya ga kamar ganganci, a sake ɗauko bulala. Taurin bayan gida dama ya fi yawa ga yara masu otizim saboda tsirfar cin abinci da ƙarancin shan ruwa, duka kuma sai ya ninka shi.

In bulala ta gaza, magana takan koma kan iska. A ce ɗan ruwa ne, ko an yi wa uwar jifa tana da ciki, ko ta zubar da ruwan zafi da magariba. A sayar da akuya a kai shi wurin mai magani, a turara masa hayaƙi, shi da ƙaurin girki ma ke hana shi sakat. Addu'a da tofi babu mai hana uwa yi wa ɗanta. Abin da ke ƙona min rai shi ne shekarun da ke wucewa ana neman wanda ya yi, yaro yana girma, aikin da ya fi sauƙi yana ɗan shekara huɗu yana ƙara wuya yana ɗan goma.

Dabarar asibiti ta wani ɓangaren ta faro. A 1971 wasu masana ɗabi'a biyu, Nathan Azrin da Richard Foxx, suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a wani asibitin gwamnati a jihar Ilinoi ta Amurka, inda suka koya wa manya 9 masu tsananin raunin fahimta zuwa bayan gida da kansu, mutanen da aka riga aka fid da rai da su. Ƙashin bayan tsarin shi ne a yawaita ba mutum abin sha don fitsari ya riƙa zuwa akai-akai, a riƙa kai shi wurin a kan ƙayyadadden lokaci ba tare da jiran ya nema ba, kuma da ya yi a inda ya dace a ba shi abin da yake so nan take. Tsarin nasu na farko ma yana da horo ga wanda ya yi kuskure, waɗanda suka biyo bayansu ne suka yi ta rage shi, har ya zamana shawarar da ake ba iyaye yau ita ce in yaro ya ɓata wando a wanke shi shiru, ba faɗa ba dogon lallashi. An ƙara da amfani da hotuna ga yaron da ba ya magana, da kalma guda tak wadda kowa a gidan zai riƙa faɗa, da kula da abin da ke firgita shi a wurin, da kuma sharaɗin cewa a warware taurin ciki kafin a fara komai.

Fifikon wannan hanya shi ne ba ta jiran yaro ya ji kunya ko ya kwaikwayi kowa. Tana gina sabo ne, kuma yaro mai otizim ya fi kowa riƙo da sabo. Halin nan nasa na son a yi abu yau yadda aka yi jiya, wanda ke gajiyar da gida, shi ne dai ke zama mataimaki in aka juya shi wajen fo.

Sai dai duk wanda ya karanta waɗannan littattafai yana zaune a Isa zai ga da wane gida aka rubuta su: gida mai masai na zama da ruwan famfo, da ƙofa, da fitila, da uwar da za ta ajiye komai ta yi kwanaki tana bin yaro ɗaya da agogo. Namu makewayin salga ce, rami mai duhu, da wari, da ƙudaje da rana, da kyankyasai da dare. Babba ma yana shiga yana sauri, balle yaron da wari da duhu ke masa yawa fiye da kowa. Wasu gidajen ko salgar babu, sai daji ko juji. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021 ya nuna kusan 'yan Najeriya miliyan 48 a fili suke bayan gida. A ce kuma a yi ta ɗura wa yaro ruwa, a shekara irin 2021 da amai da gudawa ya ratsa Sakkwato, dole a fara tambayar wane ruwa.

Babban cikas ma shi ne rashin zaman lafiya. Tsarin ya ce wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum. Wane wuri ɗaya za a faɗa wa matar da ta kwana a gona saboda an ce 'yan bindiga na tafe, ta wayi gari a ajin makarantar firamare tare da iyalai goma? Tun 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori. Yaro lafiyayye ma in ya firgita yakan koma fitsarin kwance, mai otizim kuwa sauyin ɗaki kaɗai ya isa ya rushe abin da aka yi wata uku ana ginawa. Likitan da zai duba shi yana Sakkwato ko Kware, hanyar kuma kowa ya san halinta tun kafin a ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021. A watan Satumba na shekarar an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, a lokacin ko tambaya ta waya ba ta yiwuwa. Shawarar da ba ta san da wannan ba, uwa za ta saurare ta cikin ladabi ta koma gida ta ci gaba da abin da ta sani.

Duk da haka, in aka tuɓe wa dabarar asibiti kayan Turai, abin da ya rage ba ya buƙatar sisin kwabo. Agogo akwai shi a kowane gari, ladan na kiransa sau biyar. A kai yaro kan fo da ya tashi barci, da bayan koko, da azahar, da la'asar, da bayan tuwon dare, musamman jim kaɗan bayan cin abinci, lokacin da hanji ke motsi da kansa. Kada zaman ya wuce 'yan mintoci, kada kuma a danne shi. Inda babu hoto, buta ta isa: buta guda mai launi ɗaya, tasa ce shi kaɗai, a miƙa masa ita a faɗi kalma ɗaya, a kama hanya. Wata rana shi zai ɗauko ta ya kawo wa uwarsa, kuma ga yaron da ba ya magana wannan magana ce cikakkiya. Lada kuwa abin da ransa ke so ne, ɗan ɓallin ƙuli-ƙuli, rabin dabino, ko murfin kwalbar da aka ɓoye don wannan lokacin kaɗai, a ba shi yana kan fo ɗin, ba sai an fito an wanke hannu an manta ba. In yana tsoron salga kada a tura shi. A ajiye fo inda ya saba laɓewa, bayan 'yan kwanaki a matsar da shi taku biyu, a sake matsarwa, har ya kai bakin makewayi, a rufe ramin da faifai ko murfi. Da hunturu a sirka ruwan tsarki, domin sanyin ruwa kaɗai na sa yaro ya tsani wurin. Wando mai roba ya fi mai mazagi. A dage da ruwa mai tsabta, da miyar kuka da kuɓewa da zogale gwargwadon yadda zai karɓa, a guji maganin wankin ciki na 'yan talla. Fitsarin rana ke fara daidaita, kashi ya biyo baya, na dare shi ne ƙarshe, kuma lissafin na watanni ne, wani yaron ya haura shekara. In gudu ya kama, fo da buta suna shiga buhu, kalmar tana bakin uwa, ladan kuma akwai shi a Gidan Rumji ta Nijar kamar yadda yake a gida Tsamaye.

Wanda ke ganin wanke yaro shiru sangartawa ce, ya tuna da baƙauyen nan da ya yi fitsari cikin masallacin Madina. Sahabbai suka yunƙura, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su katse shi, ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya yi masa bayani cikin sauƙi. Wannan babba ne mai cikakken hankali. Malaman Malikiyya ma, a Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukanmu, sun yi rangwame ga tufar mai shayarwa matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa. Addinin da ya sauƙaƙa wa mai goyo haka, bai kamata a fake da tsarkinsa a zane yaron da alƙalami bai hau kansa ba.

Da za a tilasta min zaɓen ɗaya, ta asibiti zan ɗauka, saboda ita ce ta fahimci yadda wannan yaro ke koyo, kuma ita ce ba ta kai shi ga ciwon hanji. Amma hannun da zai aiwatar da ita na kaka ne da uwa, da idon da suka saba karanta jikin yaro da shi. Abin da za a cire daga ta gida kawai shi ne tsumagiya da tozartawa, kuma wannan ba uwa ce ke da ikon cire shi ba. Ita ake zargi, ita ce ƙarama a gaban uwar miji. Maigida ne zai tsaya a tsakar gida ya ce daga yau ba mai taɓa yaron nan, kuma kowa kalma ɗaya zai riƙa faɗa masa.

Saura haƙƙin da ke kan hukuma. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta shafi ɗan Turba kamar yadda ta shafi ɗan Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyayen yara masu jinkirin girman fahimta, na zama 9 a rukuni da ziyarar gida 3, wanda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun likitoci ba su iya gudanar da shi. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sa a mayar da shi Hausa, ta horar da ma'aikatan asibitocin Isa da Sabon Birni da ƙananan ɗakunan shan magani, waɗanda dama mata ke zuwa wurinsu ranar awo da rigakafi. Kafin hakan ta samu, duk mai irin wannan yaro a gidansa ya hana a sake dukansa kan kashi, kuma in ya kwana uku cikinsa bai fita ba, ko aka ga jini, a kai shi asibiti mafi kusa.